Bas Mai Bene ta Landan: Yadda Ake Gano Shekarunta da Yadda Ake Adana Ta

Ranar 9 ga watan Disamba na shekarar 2005 jama'a masu ɗimbin yawa suka yi cincirindo a bakin titunan birnin Landan domin yin ban kwana da wata motar haya. Motar kuwa ita ce jar bas ɗin nan mai bene, samfurin Routemaster, wadda ta yi kusan shekara 50 tana jigilar mutanen birnin. A ranar ne ta yi zirga-zirgarta ta ƙarshe a kan hanya mai lamba 159 a matsayin motar aikin yau da kullum. Daga cikin guda 2,876 da aka ƙera, fiye da dubu suna nan har yanzu, wasu a gidajen adana kayan tarihi, wasu a hannun ƙungiyoyi da masu sha'awa, wasu kuma an ƙetare teku da su.

Duk wanda ya tsaya a gaban irin wannan mota, tambayar da za ta fara zo masa ita ce, shekarunta nawa? Mai karatu zai ce ai amsar mai sauƙi ce, a duba lambarta kawai. To, ba a nan gizo yake saƙar ba. Sau da yawa lambar tana faɗin wata shekara, bodin yana faɗin wata, injin kuma yana faɗin wata dabam. Al'amarin ya shafi kuɗi, domin farashin mota yana hawa ko sauka gwargwadon tarihinta. Ya shafi doka, domin a Birtaniya motar da ta haura shekara 40, wadda ba a kasuwanci da ita, ana yafe mata harajin hanya. Ya kuma shafi gaskiyar tarihi, domin abin da aka rubuta a allon gidan tarihi shi yara za su haddace. A wannan maƙala za mu duba yadda masana suke warware wannan ƙulli, da kuma yadda suke kare motar daga abubuwan da suke cin ta.

Taƙaitaccen tarihi

A shekarar 1829 ne wani mai suna George Shillibeer ya fara jigilar fasinja a Landan da babban keken da dawaki suke ja. Wajen tsakiyar ƙarni na 19, da fasinja suka yi yawa, sai aka fara jera benci a kan rufin keken, aka sa masa tsani. Asalin bene ke nan. Dalilinsa kuwa a fili yake: titunan Landan ƙuntatattu ne, saboda haka ya fi sauƙi a ƙara wa mota tsawo ta sama a kan a ƙara mata faɗi.

A 1910 kamfanin London General Omnibus ya fito da bas mai injin da ake kira samfurin B. Tana ɗaukar mutum 34, wato 16 a ƙasa, 18 a sama. Benenta ba shi da rufi, tayoyinta kuma dunƙulalliyar roba ce, ba a hura musu iska. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, an kwashi ɗaruruwan irinta zuwa Faransa da Beljiyam suna kai sojoji bakin daga. Sai a 1925 hukuma ta yarda a yi wa benen bas rufi a Landan.

A 1933 aka haɗe harkar sufurin birnin a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda aka fi sani da London Transport. Ita ce ta fito da samfurin RT a 1939, mai kujera 56. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse ƙirarta, aka ci gaba daga 1947 zuwa 1954, har yawanta da na 'yan'uwanta ya kai kusan 7,000. Ta ƙarshe ta bar aiki a watan Afrilu na 1979.

Routemaster ita ce magajiyar RT. An fara nuna ta farko, mai lamba RM1, a 1954, ta fara ɗaukar fasinja a watan Fabrairu na 1956, aka kuma daina ƙera samfurin a 1968. Kamfanin AEC ne ya yi sassan injiniya, kamfanin Park Royal ya yi bodi. Tsawonta mita 8.4, tsayinta kusan mita 4.4, tana da kujera 64. Da alminiyum aka yi bodinta, ƙarfen da nauyinsa kimanin sulusin na baƙin ƙarfe ne, shi ya sa ta ɗauki mutum takwas fiye da RT ba tare da ta fi ta nauyi ba. Ƙofarta a baya take, a buɗe, inda kwandasta yake tsayawa. Wannan ƙofa da matakalarta suna cikin abin da ya kawo ƙarshen aikinta, domin mai keken guragu ba ya iya shiga, ga kuma albashin ma'aikata biyu a mota ɗaya.

Masana'antar da ta rikita lissafi

Domin mu fahimci dalilin da ya sa lambar bas ɗin Landan ba ta isa shaida ba, dole mu leƙa Aldenham, wata katafariyar masana'antar gyara da ke arewa maso yammacin birnin, wadda aka buɗe a 1956 aka rufe a 1986. Bayan kowace 'yan shekaru ana kai kowace bas can a yi mata garambawul. A lokacin da aikin yake ganiyarsa, kimanin bas 50 ake gamawa a mako.

Ga yadda aikin yake. Babbar mota tana da manyan sassa biyu. Akwai firam, wato ƙashin ƙarfen da yake ɗauke da injin da giya da ƙafafu. Akwai kuma bodi, wato ɗakin da fasinja suke zama. Da bas ta shiga Aldenham sai a kwance notuna, a ɗaga bodin da ƙugiya a kai shi wani layi, firam ɗin kuma a tura shi wani layi. Gyaran firam ya fi sauri, saboda haka ba ya jiran bodinsa na da. Duk bodin da aka gama shi za a ɗora masa. An ƙera sassan da ma'auni ɗaya ne takanas domin haka. Ita Routemaster ba ta da dogon firam irin na RT, guntaye biyu gare ta, na gaba da na baya, waɗanda ake ɗaure wa bodin, amma su ma haka ake yi musu.

Bugu da ƙari, hukumar ba ta son takardar harajin hanya ta zauna banza alhali motar tana kwance a masana'anta. Saboda haka idan bas ta shiga da safe, sai a ɗauki lambarta ta aiki da ta rajista a liƙa wa wata da aka gama gyarawa, ta fita da su. Gareji ya aika da mota mai lamba kaza, an kuma mayar masa da mota mai lamba kaza, amma mai yiwuwa ne babu ko ƙusa ɗaya da ta haɗa su. Lambar ta zama kamar rawanin sarauta, wanda yake tashi daga wannan kai ya koma wancan.

Misali mafi shahara shi ne RT1, uwar samfurin RT, wadda take gidan tarihin bas na Landan da ke Brooklands. Bodinta na 1939 ne, amma firam ɗinta na asali an wargaza shi tun da daɗewa, bodin yana zaune ne a kan firam na wata RT da aka ƙera bayan yaƙi. Wanda ya ce shekarar haihuwarta 1939 ya faɗi rabin gaskiya.

Ɗalibin ilmin halittu bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Jajayen ƙwayoyin jinin ɗan Adam kwana 120 kacal suke yi a musanya su, ƙashi ma kullum ana rushe shi ana sake ginawa, amma sunan mutum bai canza ba. Tun zamanin da, marubucin Girka Plutarch ya kawo labarin jirgin ruwan Theseus, wanda aka yi ta sauya katakansa ɗaya bayan ɗaya, har masana suka shiga gardama ko shi ne jirgin farko. Mai adana bas ba gardamar yake son ci ba. Abin da yake nema shi ne ya san shekarun kowane sashe dabam-dabam.

Shaidu biyar

Shaida ta farko ita ce lambar rajista. Daga 1963 Birtaniya ta fara sa harafi a ƙarshen lamba domin nuna shekara: A na 1963, B na 1964, C na 1965, D na 1966. Harafin E ya tsaya daga Janairu zuwa Yuli na 1967, F kuma ya kama daga Agusta 1967 zuwa Yuli 1968. Bas ɗin da ta rufe aiki a 2005 ita ce RM2217, lambar rajistarta CUV 217C, wato an yi wa lambar rajista a 1965. Autar samfurin, RML2760, tana ɗauke da SMK 760F. Mai karatu zai lura cewa alƙaluman rajista sun yi daidai da ƙarshen lambar aiki. Da gangan hukumar ta yi haka. Sai dai wannan shaida tana da rauni biyu. Na ɗaya shi ne musayar Aldenham. Na biyu, tsofaffin lambobi marasa harafin shekara suna da daraja a kasuwa, saboda haka an cire wa Routemaster da yawa nasu an mayar wa wasu motoci, su kuma aka ba su sababbi.

Shaida ta biyu ita ce lambobin da masana'anta ta sa wa sassan kansu. Bodi yana da tasa lamba, firam yana da tasa, injin ma haka. Waɗannan ba sa tashi tare da lambar aiki, suna bin sashen duk inda ya je. Mai bincike yakan ɗauki tocila ya shiga ƙarƙashin mota, ya goge baƙin mai da laka, ya kwafe kowace lamba. Amma allon ƙarfen da aka ɗaure da ƙusa ana iya cire shi a mayar wani wuri, saboda haka lambar da aka buga a jikin ƙarfen kansa ta fi ƙarfin hujja.

Shaida ta uku ita ce siffa. Kamar yadda masanin dabbobi yake duban haƙoran doki ya ƙiyasta shekarunsa, haka masanin bas yake duban tagogi da fitilu. Bodin Routemaster kusan 250 na farko, tagoginsa na gaban bene ba sa buɗewa. Daga baya aka sa masu buɗewa domin iska. Idan aka ga irin wannan taga a mota mai babbar lamba, an san tsohon bodi ne ya sami sabon suna. Doguwar Routemaster, wato RML mai kujera 72, ana gane ta da wata 'yar ƙaramar taga a tsakiyar kowane gefe, inda aka ƙara mata tsawo. 24 na farko a 1961 aka yi su, sauran daga 1965 zuwa 1968. A samfurin RT kuma, bodin farko-farko yana da wani ɗan akwatin lambar hanya a ƙoƙon rufi. Injin ma yana magana. Na asali na AEC ne ko na Leyland, amma a farkon shekarun 1990 an sa wa ɗaruruwan RML sababbin injuna na Cummins da Iveco. Siffa takan faɗi cewa abu bai girmi shekara kaza ba, ko bai gaza shekara kaza ba, amma ba ta faɗin rana.

Shaida ta huɗu ita ce fenti. Ana yanko ɗan ɓaɓɓako da bai fi ƙwayar gero ba daga wani lungu da ba a taɓa kankarewa ba, kamar ƙarƙashin matakala. Sai a dasa shi cikin roba mai daskarewa, a goge gefensa ya yi sumul, a duba da madubin ƙara girman abu. Za a ga fenti hawa-hawa, na ƙasa shi ne mafi tsufa, daidai da ƙa'idar da masana duwatsu suke bi wajen karanta shimfiɗun ƙasa. Idan aka tarar da kore a ƙarƙashin ja, alama ce bodin ya taɓa aiki a karkarar da ke kewaye da Landan, inda motocin hukumar suke da launin kore. Wani lokaci akan ci karo da tsohuwar takardar kuɗin mota a bayan allo. In da sule aka rubuta ta, to ta girmi watan Fabrairu na 1971, lokacin da Birtaniya ta sauya tsarin kuɗinta.

Shaida ta biyar, wadda take ɗaure sauran, ita ce takarda. London Transport tana da katin tarihi na motocinta, inda ake rubuta garejin da kowace ta zauna, da ranar da ta shiga gyara, da lambar bodin da aka ɗora mata. Ƙungiyoyin masu sha'awa ma sun yi aikin tururuwa: Omnibus Society da aka kafa a 1929, da PSV Circle da aka kafa a 1943, sun shafe shekaru suna tattara bayanan motoci ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin hotuna suna taimakawa. Hoton bas mai farin fenti a gefen mudugad, da fitilu a rufe saura 'yar kafa, da raga a tagogi, na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ne, lokacin da ake kashe hasken gari saboda jiragen yaƙi.

Ƙa'idar ita ce kada a dogara da shaida ɗaya. Idan lambar bodi ta dace da katin tarihi, siffar taga ta dace da shekarar da katin ya faɗa, shimfiɗun fenti kuma suka dace da garejojin da aka lissafa, to magana ta tabbata. In ɗaya ta saɓa, ba a share ta. Ruwa ba ya tsami banza, a nan ne ma sabon bayani yakan ɓullo.

Ina batun kabon da zoben itace?

Ɗalibi mai kaifin basira zai tambaya, me ya hana a yi amfani da kabon-14, hanyar da Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940? Kowane mai rai yana ɗaukar wannan nau'in kabon, in ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa yana ɓacewa a cikin shekara 5,730. Agogo ne mai tafiyar hawainiya, wanda ya dace da ƙasusuwan dubban shekaru. Ba zai bambanta 1947 da 1952 ba, kuma alminiyum da gilashi ba su taɓa rai ba balle a auna mutuwarsu. Gaskiya ne gwaje-gwajen bama-baman nukiliya sun kusan ninka kabon-14 na iska a farkon shekarun 1960, har ana iya gane shekarar da aka yi askin ulun da aka saƙa bayan 1955. Amma wannan shekarun rigar kujera zai faɗa, ita kuwa an sha sauya ta.

Haka zancen yake ga zoben itace. A ƙasashe masu sanyi bishiya tana ƙara zobe ɗaya kowace shekara, ana kuma gane shekarar da aka sare ta idan aka sami zobba masu yawa har zuwa ɓawo. Katakon bodin bas siriri ne, an fere shi ta kowane gefe, zobbansa ba su isa ba. Kowace tambaya da irin ma'aunin da ya dace da ita.

Maƙiyan tsohuwar mota

Gano shekaru rabin aiki ne. Saura a hana motar ruɓewa. Maƙiyanta suna da yawa, amma kusan dukkansu uwarsu ɗaya, wato ruwa.

Na farko tsatsa. Baƙin ƙarfe yana haɗuwa da iskar oksijin idan akwai danshi, ya koma jan gari. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, saboda haka tana kumbura, ta ɓare, ta buɗe sabon ƙarfe ga iska, a ci gaba da ci. Alminiyum ya sha bamban, domin yana yi wa kansa wata siririyar fata da take toshe iska. Wannan na cikin sirrin tsawon ran Routemaster. Amma inda alminiyum ya taɓa baƙin ƙarfe, ruwan gishiri kuma ya shiga tsakani, sai wurin ya zama ƙaramin batir, lantarki ya riƙa gudana, alminiyum ɗin ya riƙa narkewa yana zama farin gari. A Ingila kuwa gishiri ake watsa wa tituna da hunturu domin narkar da ƙanƙara. Shi ya sa masu gyara suke raba ƙarafan biyu da fenti ko wani shafi, suke kuma fara bincike daga mahaɗar bodi da firam.

Na biyu funfuna. Tsofaffin motoci irin samfurin B da itace aka yi ƙashin bodinsu, har RT ma akwai katako a cikin ginshiƙanta. Busasshen katako yana iya yin ɗaruruwan shekaru. Amma da zarar ruwan da ke cikinsa ya haura kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, sai ƙwayoyin funfuna da ke yawo a iska su tsiro, su tura zaruruwa cikin itacen, su fitar da sinadaran da suke narkar da shi su sha. Nau'in da ake kira Serpula lacrymans yana barin katako ya yi ruwan ƙasa, ya tsattsage gida-gida, ya marmashe a hannu. Daga waje fenti yana ƙyalli, ciki kuwa fanko. Galibi ruwan yana shiga ne ta robar taga da ta tsufa ta tsage.

Na uku ƙwari. Akwai ƙwaron da tsutsarsa take huda katako shekara da shekaru, ba a sani ba sai an ga 'yan ramuka da gari a ƙasa. Akwai kuma asu. Yadin kujerun bas ɗin Landan mai kauri ne, galibinsa ulu, tsutsar asu kuwa tana cikin halittu ƙalilan da suke iya narkar da sinadarin gashi. Wuri mai duhu da ba a motsa shi, shi ne aljannarta.

Na huɗu yana cikin tankin mai. Idan mota ta daɗe a ajiye, raɓa tana taruwa a tanki ta kwanta a ƙasan gas, domin ruwa ya fi shi nauyi. A daidai iyakar ruwa da mai, bakteriya da wata funfuna mai suna Hormoconis resinae suna zama a ruwan suna cin man. Ƙazantarsu mai yauƙi tana toshe matatar mai, tsamin da suke fitarwa kuma yana huda tanki.

Maganin duka ɗaya ne, rigakafi ya fi magani. A sa motar a ƙarƙashin rufi, a busasshen wuri mai shan iska. A wanke gishiri daga ƙarƙashinta, a tsiyaye ruwan tanki, a share kujeru a kai a kai, a kuma kare taya da robobi daga hasken rana. Mai gyara shi ma sai ya kare kansa, domin tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, tsofaffin takalman birki kuma sukan ƙunshi asbestos, wanda ƙurarsa take jawo cutar huhu mai kisa. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999.

A tuƙa ta, ko a ajiye?

A nan masana suka rabu. Wasu suna cewa mota don tafiya aka yi ta. Wanda bai ji ƙugin injin ba, bai hau matakala tana jijjiga ba, bai san bas ba. Suna ƙarawa da cewa injin da ba a tayarwa yakan kafe, birki ya cije. Wasu kuma suna cewa kowace tafiya tana cinye wani abu na asali, a sauya shi da sabo, har a wayi gari ana nuna wa jama'a sabuwar mota mai tsohon suna.

Gidajen tarihi sun bi hanyar tsakiya. Gidan tarihin sufuri na Landan, wanda aka buɗe a Covent Garden a 1980, yake kuma da babban ma'aji a Acton, yana da motocin da ake lallaɓawa a ajiye, da waɗanda ake fitarwa titi jefi-jefi. A 2014, shekara 100 da fara Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kammala tayar da wata samfurin B mai lamba B2737 daga tsofaffin sassa da aka tattaro daga wurare dabam-dabam, tare da sababbin da aka ƙera. Aka shafe ta da launin kakin soja, aka zagaya da ita filayen daga na Faransa da Beljiyam. Wannan ba yaudara ba ce, domin an bayyana yadda aka haɗa ta.

Ga ƙa'idojin da masu wannan sana'a suke bi. A ɗauki hoton kome kafin a kwance shi. A gyara sashe in zai gyaru, kafin a yi tunanin sauya shi. In an sauya, a adana tsohon, a yi wa sabon alama, a rubuta ranar. A guji gyaran da ba za a iya warware shi ba. A kuma yanke shawara tun farko wace shekara ta rayuwar motar ake son nunawa. RM1 kanta an sauya mata fuska bayan fitowarta ta 1954, saboda haka mai mayar da ita kamanninta na farko sai ya share wani babi na tarihinta. Motar da aka gyara ta yi ƙyalli amma ba a rubuta abin da aka yi mata ba, ta zama abin kallo kawai, ta daina zama hujja.

Aiki ga malamai da ɗalibai

Ba sai an je Landan za a gwada wannan ilmi ba. Malami yana iya kai ɗalibansa wurin kowace tsohuwar mota, da izinin mai ita. A gefen taya akwai rubutu da yakan fara da DOT ya ƙare da alƙaluma huɗu, tsarin da aka fara a 2000: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Ɗalibai su kwafe na kowace taya, su nemo lambar firam da ta injin, su gwada su da abin da takardun motar suka ce, su duba inda fenti ya ɓare su ƙirga shimfiɗunsa. Daga nan su zana jadawali mai layi uku: sashe, shekarar da ake zato, da hujja.

Haka nan a aji, a sa ƙusa ɗaya a busasshiyar kwalba, ɗaya a ruwa, ɗaya a ruwan gishiri, a duba su bayan mako guda. Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya cika wancan jadawali da hannunsa, ya kuma rubuta hujja a gaban kowace shekara da ya faɗa, ya koyi aikin da masanin kimiyya yake yi a gaban ƙashi ko dutse ko tsohuwar bas.